Shehu Ibrahim Inyass da Tasirinsa a Ƙasar Hausa

An haifi Shehu Ibrahim Inyass a ƙasar Sanagal a shekarar 1900, ya kuma yi karatu a gaban mahaifinsa, Alhaji Abdullahi Inyass, jigo a ɗariƙar Tijjaniyya. A 1929 ya bayyana cewa shi ne ma'abocin Faila, wato ambaliyar ilimin sanin Allah. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne tarbiyya, wadda ta buɗe ƙofar ma'arifa ga malami da ɗan kasuwa, namiji da mace.

Alaƙarsa da ƙasar Hausa ta ƙullu a aikin Hajjin 1937, inda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Daga baya malaman Salga, irin su Shehu Atiku Sanka, suka sallama masa. Sai dai al'amarin bai rasa saɓani ba, musamman a kan ƙablu da sadalu a salla.

Ta fuskar adabi, Faila ta bunƙasa waƙoƙin bege, ta kuma yawaita amfani da kalmomi kamar zawiyya da muƙaddami a bakin Hausawa. Shehu ya rasu a Landan a 1975, aka binne shi a Kaulaha.