Tara Wutar Aradu: Gaskiyar Magana da Kuskurenta

Idan hadari ya haɗo a sararin Bagwai da damina, walƙiya ta haske gonakin gero da dawa har zuwa bakin madatsar ruwa ta Watari, akan ji masu cewa da hukuma ta so, da ta kafa na'urar da za ta kama aradu ta wadata ƙauyuka da lantarki. Wannan magana ta cuɗa gaskiya da kuskure, don haka ya wajaba a tsefe ta.

Gaskiya ne cewa walƙiya lantarki ce, kamar yadda gwajin Benjamin Franklin na Amurka ya nuna a 1752, kuma ƙarfinta yakan kai folt miliyan 300, folt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da ke ingiza wuta a cikin waya, alhali wutar gida ba ta wuce folt 240 ba.

Kuskuren yana wajen ɗaukar tsananin ƙarfi a matsayin yawa, domin aradu ba ta cika daƙiƙa guda take ƙarewa, kuma ko babba ce, makamashinta bai wuce kimanin yunit 1,400 na mitar lantarki ba, wato abin da faifan sola uku masu wat 300 kowanne za su iya samarwa cikin shekara a ƙasar Kano. Mafi yawansa ma yana salwanta ne a matsayin zafi da haske da ƙarar tsawa kafin ya taɓa ƙasa, sannan babu batirin da zai haɗiye ragowar a ƙiftawar ido bai ƙone ba.

Haka kuma sandar ƙarfen da ake kafawa a kan hasumiyar masallaci ko turken sadarwa ba ta adana komai. Aikinta shi ne ta bi da wutar ta waya zuwa cikin ƙasa don kare gini da rayuka.

Babban cikas ga manomi shi ne lokaci, domin daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da mai noman tumatir da albasa ke buƙatar injin ban ruwa, da wuya a ga hadari. Rana kuwa ba ta yanke wa yankin, kuma tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023 ta nuna inda ya dace al'ummar Bagwai su karkata buƙatarsu ga hukuma.