Babar: Yadda aka ƙera giwar da ta sa kwat, da gardamar da ta biyo baya

A shekarar 1930, wata mata a Faransa mai suna Cécile de Brunhoff ta ƙirƙiri tatsuniya don lallashin ƴaƴanta maza biyu, Laurent da Mathieu, kafin barci. Labarin wani ɗan giwa ne da ya bar daji ya shiga birni. Yaran suka kai wa mahaifinsu Jean, wanda mai zane ne, suka roƙe shi ya zana musu. A 1931 littafin ya fito, ɗan giwar kuma ya samu suna: Babar.

Duk mai shirin rubuta wa yara littafi mai hotuna zai ƙaru da duba zaɓin da Jean ya yi. Tun a shafukan farko maharbi ya kashe uwar Babar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a littafin ƙananan yara, amma shi ya sa yaro ke tausaya wa maraya, ya bi shi duk inda ya nufa. Sannan ya ba shi alamar da ba a mantawa, wato kwat mai launin kore. Ko yaron da bai iya karatu ba zai nuna Babar da yatsa a cikin garken giwaye. Sauran ƴan wasan ma kowa da aikinsa: tsohuwa mai dukiya da ta riƙe shi a birni, Arthur mai ƙiriniya, dattijo Cornelius mai ba da shawara, sai Céleste da ya aura, auren zumunci.

Inda gizo ke saƙar shi ne jigon labarin. Babar ya koyi sa tufafi, cin abinci a tebur da tuƙa mota, sannan ya koma daji. Ya tarar sarkin giwaye ya mutu bayan ya ci lemar kwaɗi mai guba, sai aka naɗa shi sarki saboda ya zauna cikin mutane ya yi ilimi. Akwai wani hoto da ke tsaya wa mai karatu a rai: Babar da ƴan'uwansa biyu cikin mota sanye da tufafi, iyaye mata kuwa suna bin motar da gudu, sun ɗaga hanci sama don kada su shaƙi ƙura.

A shekarar da littafin ya fito ne birnin Paris ya shirya babban baje kolin ƙasashen da Faransa ke yi wa mulkin mallaka, lokacin Nijar na cikinsu. Marubuci ɗan ƙasar Chile, Ariel Dorfman, ya karanta Babar a matsayin mafarkin ɗan mulkin mallaka, inda wanda ya kwaikwayi Bature shi ya cancanci sarauta. Wasu na ganin Jean yana yi wa ƴan birnin Faransa shaguɓe ne kawai. Ko ma wanne ne, yaro ɗan shekara biyar hoton yake gani, ba niyyar mai zane ba.

Batun ya shafi Nijar kai tsaye. Tun 2025 da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar littattafan yara cikin harsunan gida ta ƙara fitowa fili. Ƴan wasa kam akwai su a tatsuniya: Gizo da Ƙoƙi, kura, dila. Sai dai tatsuniya ba ta faɗi irin rigar Gizo ba, ko gidansa na laka ne ko na siminti, ko Ƙoƙi na zuwa makaranta. Mai zane ne zai yanke wannan hukunci a kowane shafi.

Jean ya rasu a 1937 da ciwon tarin fuka, yana da shekara 37. Ɗansa Laurent ya ci gaba da Babar daga 1946. Daga baya ya nuna nadama kan yadda ya zana baƙaƙen fata a wani littafinsa na 1949, har ya nemi a daina buga shi. Ya rasu a Amurka cikin watan Maris na 2024, yana da shekara 98.