Kwana 146 da Suka Tayar da Finafinan Koriya ta Kudu

Tun 1966 Koriya ta Kudu ke da dokar da ta wajabta wa kowane gidan sinima ya ware kwanaki domin finafinan gida, kuma a tsakiyar shekarun 1980 aka kai adadin kwana 146 a shekara. Duk da haka, a 1993 finafinan ƙasar ba su samu ko kashi 16 cikin 100 na masu kallo ba, na Amurka suka kwashe kaso mafi tsoka. Dokar tana nan a takarda, amma babu mai bin sawunta. Mai sinima zai kai wa hukuma rahoton cewa fim ɗin gida yake haskawa, alhali wanda ya yanki tikiti ya shiga, na waje zai tarar a allo.

A shekarar ta 1993 ne 'yan fim suka gaji, suka kafa ƙungiyar sa ido. Suna bin gidajen sinima ɗaya bayan ɗaya, suna gwada abin da aka rubuta da abin da ake nunawa, suna tona asirin masu maguɗi. Daga nan dokar ta fara cizo. A 1996 kuma Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukuncin cewa tace fim kafin fitarsa, kamar yadda hukumar gwamnati ke yi, ya saɓa wa tsarin mulki. A ganina haɗuwar waɗannan biyu ce ta sauya komai: mai zuba jari ya tabbata fim ɗinsa zai samu wurin haskawa, marubuci kuma ya daina tsoron almakashi. A 1999 fim ɗin gida Shiri ya zarce na Amurka Titanic yawan masu kallo a ƙasar, zuwa 2006 kuwa kason finafinan gida ya haura kashi 60.

Masu suka na cewa irin wannan doka ragwanci take haifarwa, kuma suna da hujja. Irin wannan doka da Birtaniya ta kafa a 1927 ta jawo tarin finafinai masu arha da aka yi su don cike gurbi kawai. Gaskiya ne doka rumfa take bayarwa a kasuwa, ba ta zuba kaya a ciki. Sai dai wanda ba shi da rumfar, komai kyan kayansa, wa zai gani? Suna kuma nuni da cewa a 2006 gwamnati ta rage kwanakin zuwa 73 domin share fagen yarjejeniyar kasuwanci da Amurka, 'yan fim suka yi ta zanga-zanga, amma masana'antar ba ta durƙushe ba, har fim ɗinta Parasite ya ci babbar kyautar Oscar a 2020. Wannan ba ya nuna kariyar ba ta da amfani tun farko. An rage ta ne bayan masana'antar ta riga ta yi ƙarfi.

Abin da ya fi damuna yau shi ne dokar kwanaki take ƙirgawa, ba ta tambayar wa ya samu. Manyan kamfanoni irin su CJ da Lotte su ke rarraba fim, su ke da gidajen sinima. A 2017 fim ɗin gida The Battleship Island shi kaɗai ya mamaye allo fiye da 2,000 a ƙasar da allunanta ba su kai 3,000 ba. Ƙaramin furodusa a Seoul yanzu ɗan ƙasarsa ne ke danne shi, kuma ya kamata gwamnati ta ƙayyade yawan allon da fim guda zai iya riƙewa.