Yadda Ake Neman Takardar Mutuwar Aure A Kotu

A ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, mata da yawa sun baro ƙauyukansu saboda hare-haren 'yan bindiga. Wasu sun fito daga su sai tufafin jikinsu. Akwatin da ake adana takardu ya ƙone, ko an baro shi a ɗaki. Cikin abin da ya salwanta har da takardar saki.

Ba a sanin darajar wannan takarda sai ranar da aka neme ta. Bazawara ta sami miji, an sa rana, sai liman ya ce a kawo shaidar cewa auren farko ya mutu. Ko kuwa tsohon miji ya bayyana ya ce shi bai sake ta ba. In babu shaida, sai a zarge ta da aure kan aure. Wannan babbar magana ce, don auren da aka ɗaura a kan wani aure ɓatacce ne.

Tambayar farko

Kafin a biya kuɗin mota, a fara amsa tambaya guda. Wa ya raba auren, kuma a ina?

In miji ne ya yi saki a gida, da baki ko a rubuce ko ta waya, sakin ya auku. Amma kotu ba ta da labari. Babu littafin da aka rubuta shi a ciki. Mutane da dama sukan sha wahalar zuwa kotu neman kwafin sakin da ba a taɓa kai shi can ba, su dawo suna cewa an hana su. Ba a hana su ba. Kotu tana ajiye labarin shari'ar da ta yi ne kawai.

In kuwa alƙali ne ya raba, to, akwai rubutu. Wannan ya haɗa da hul'i, watau mace ta fanshi kanta da mayar da sadaki ko abin da aka daidaita a kai. Ya kuma haɗa da auren da alƙali ya kashe saboda rashin ci da sha, ko duka, ko daɗewar miji bai waiwayi gida ba. Duk irin wannan shari'a tana da lamba. Akwai sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da abin da shaidu suka faɗa, da hukunci, da ranar da aka yanke shi.

Wace kotu?

Wadda ta yi shari'ar. Kotun Shinkafi ba za ta ba da kwafin shari'ar da aka yi a Zurmi ba, ko da matar a Shinkafi take zaune yanzu. Littafi yana wurin da aka rubuta shi.

Canjin suna yana rikita wasu. Tun daga 1968 ana kiran kotunan alƙalai kotunan yanki, wasu su ce eriya kot. An cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. A Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairu 2000. Daga nan kotunan shari'a suka maye gurbin kotunan yanki. Saboda haka wanda aka raba aurensa a 1994, takardarsa za ta nuna kotun yanki, Jihar Sakkwato. Wannan bai ɓata ta ba. Mai neman kwafinta sai ya fara da kotun shari'a ta garin da aka yi zaman, ya tambayi inda tsofaffin littattafai suke.

Kotunan hawa-hawa ne. Akwai ƙaramar kotun shari'a, da ta sama da ita, da babbar kotun shari'a. A bisansu duka akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta. In an ɗaukaka ƙara, hukuncin kotun sama shi ne abin riƙo, shi ya kamata a nema.

Abin da za a riƙa

Rajistaran kotu ake nema, ba alƙali ba. Shi ke riƙe da littattafai. Abin da ya fi sauƙaƙa masa aiki shi ne lambar ƙara. Tana jikin sammaci, tana kuma jikin rasit ɗin kuɗin ƙara. Ko yagaggen sammaci ne, a tafi da shi.

In babu lamba, a faɗi cikakken sunan matar da na mahaifinta, da cikakken sunan mijin, da garin da suke zaune a lokacin. A nan ne laƙabi ke kawo cikas. Macen da kowa ya sani da Lami ko Delu, wataƙila sunan yanka aka rubuta mata. A faɗi duka biyun.

Sai shekara da wata. Mutumin karkara ba kasafai yake riƙe kwanan watan Bature ba, amma yana riƙe lokaci. Ya san an raba auren bayan Babbar Salla, ko ana cikin yankan gero. Ya san shekarar ƙidaya ce, ko shekarar canjin kuɗi. Wannan ma taimako ne, in an bambance. An yi ƙidaya a 1991, an sake yi a 2006. An canja kuɗi a 1984, an kuma sha wahalar sababbin takardun kuɗi a farkon 2023. Wanda ya tuna sunan alƙalin da ya yi shari'ar ya rage wa rajistara rabin aiki.

Ana rubuta takardar roƙo zuwa ga rajistara. Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci zai iya rubuta tasa da Hausa, layi huɗu ko biyar sun isa. A rubuta biyu, a miƙa ɗaya, a riƙe ɗaya. Matar da kanta tana iya zuwa, haka mijin. In waliyyinta ne zai je, ko wakili, ya tafi da shaidar cewa ita ta aiko shi. A riƙe katin ɗan ƙasa ko katin zaɓe.

Abu biyu ake iya nema. Akwai takardar shaidar mutuwar aure, falle ɗaya, ita ce liman da dangin sabon miji ke son gani. Akwai kuma kwafin shari'a, wanda ya ƙunshi duk abin da aka yi a zaman kotu. Shi ake bukata in za a ɗaukaka ƙara, ko in rigima ta taso kan sadaki ko riƙon 'ya'ya. Mai niyyar ɗaukaka ƙara kada ya yi jinkiri, don akwai wa'adi.

Akwai kuɗin da hukuma ta yanka. A biya, a karɓi rasit. Duk wanda ya tare mutum a bakin kotu ya ce a ba shi kuɗi ya fito da takarda yau-yau, a rabu da shi. Kafin a bar ofis a duba hatimin kotu, da sa hannu, da kwanan wata. Kwafin da ba shi da waɗannan, farar takarda ce kawai. A sa wani ya karanta da ƙarfi, a ji ko sunaye sun yi daidai.

Me ya sa kwanan wata?

Daga ranar saki ake lissafin idda. Mai jinin al'ada tsarki uku take yi. Wadda ta daina, wata uku. Mai ciki sai ta haihu. Auren da aka ɗaura cikin idda bai ɗauru ba.

Gado ma yana rataye a nan. In saki ɗaya ne ko biyu, miji ya rasu matar tana cikin idda, tana da gadonsa: tumuni in yana da 'ya'ya, rubu'i in ba shi da su. In idda ta cika kafin rasuwar, ko kuwa hul'i aka yi, hukuncin ya sha bamban. Bambancin mako ɗaya yana iya ba mace rabo a gona, ko ya hana ta.

In saki na gida ne

A sa mijin ya rubuta, da kwanan wata, da adadin sakin, da sunayen shaidu. Aya ta 2 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi maganar kafa shaidu biyu adalai. In takardar ta ɓace, kuma mijin yana nan, a roƙe shi ya sake rubutawa a gaban shaidu, ya sa ranar sakin ta asali, ba ranar da ya sake rubutu ba. In ya ƙi, ko ya musa, matar ta kai ƙara ta nemi alƙali ya tabbatar da sakin. Ta zo da waɗanda suka ji, ko saƙon da ya turo ta waya. Mai unguwa da dagaci da 'yan Hisba suna sulhu, suna iya zama shaidu, amma ba su yanke hukuncin kotu.

Matar da mijinta ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, ba sakakkiya ba ce, komai daɗewar shekaru. Sai ta je gaban alƙali ya bincika ya yanke hukunci.

Waɗanda suka yi auren rajista a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa, Babbar Kotun Jiha ce ke raba su, can takardarsu take. Auren da aka raba a hayin iyaka, a Maraɗi ko wani gari na Nijar, a can za a nemi shaidarsa.

In rajistara ya duba bai ga littafin ba, a roƙe shi ya faɗi haka a rubuce. Da wannan takarda ake zuwa wurin sufeton kotuna, ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau. Marar hali yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a da ke Gusau, inda lauyoyin gwamnati ke ba talaka shawara kyauta. In takarda ta zo hannu, a yi mata hoto biyu a shagon kwafi, a ajiye ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari.