Ruwan Wanke Hannu Kafin Littafi

A gidan da ya san darajar baƙo, ba a ajiye masa kwanon tuwo sai an fara kawo ruwan wanke hannu. Karramawa ce, amma a cikinta akwai sharaɗi: ka ci, sai dai ba da wannan hannun ba. Haka aka gina ɗakin karatu na Braddock, wani ƙaramin gari kusa da Pittsburgh a jihar Pennsylvania ta Amurka.

Attajirin nan Andrew Carnegie ne ya gina shi, aka buɗe a 1889, kuma shi ne na farko da ya fara aiki cikin ɗaruruwan da ya gina a Amurka. William Halsey Wood ya zana shi, ginin dutse mai kauri kamar fadar sarki. Masu karatun da ake sa ran zuwansu kuwa leburorin masana'antar ƙarfe ta Edgar Thomson ne, wadda ita ma ta Carnegie ce. Mutum ya tashi daga aiki baƙi ƙirin da toka da gumi, gidansa ba famfo. Sai aka yi gidan wanka a ƙarƙashin ginin, da ƙofarsa daban, ka yi wanka a ƙasa sannan ka hau sama wurin littattafai. A 1893 aka faɗaɗa ginin, aka ƙara wurin ninƙaya, da ɗakin motsa jiki, da zauren kiɗe-kiɗe mai kujeru 964.

To, mai gida ya kawo ruwa, ya kawo tuwo, har da nama a miya. Abin da bai bayar ba shi ne lokacin zama a ci. A 1888, shekara guda kafin buɗe ginin, Carnegie ya soke aikin awa takwas a wannan masana'anta, ya mayar da ma'aikata awa 12 a rana. Wanda ya yini haka a bakin wuta, wane ido ya rage masa na karatu? Barci ne littafinsa. A ganina ’ya’yansu ne suka ci tuwon sosai, kuma ba zan raina wannan ba, don yaron da ya tashi da littafi kyauta ya riga ya fi ubansa sa'a.

Daga baya kasuwar ƙarfe ta faɗi, garin da ya haura mutum 20,000 a 1920 ya yi ta zagwanyewa. Rufi ya lalace, babu kuɗin gyara, aka kulle ginin a 1974, ana shirin rushe shi. Wasu ’yan gari suka saye shi a kan dala ɗaya tak, suka sake buɗe shi a 1983. Tsohon gidan wankan nan ya zama wurin koyon ginin tukwane, a 2012 kuma gwamnatin Amurka ta sanya ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa.