Yadda Mai Waya Zai Tsare Asirinsa

Yanzu a Jabo da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe manomi yakan tambayi kuɗin albasa ko gero ta waya tun bai ɗaura wa jaki mangala ba. Wannan ci gaba ne. Amma mutane da yawa ba su sani ba, duk sa'ad da suka shiga intanet akwai masu rubuta abin da suka duba, da inda suke, da irin wayarsu. Shafin da ka buɗe yakan ajiye ɗan guntun rubutu cikin wayarka, ana kiransa kuki, domin ya gane ka in ka komo. Wani kukin na mai shafi ne, wani kuwa na masu talla ne, shi ne ke bin ka daga shafi zuwa shafi.

To, yaya mutum zai ce bai yarda ba? Sai da ƙa'ida wadda kowa ya san ma'anarta. Ku dubi mudu a kasuwa. Mai saye da mai sayarwa sun yarda da shi, shi ya sa ciniki ke tafiya. Haka masu ƙera kwamfuta suka nemi alama guda wadda waya za ta aika wa kowane shafi a madadin mai ita.

A 2009 aka kawo shawarar wata alama mai suna Do Not Track, watau kada a bi sawuna. Manhajar Firefox ta sa ta a 2011, sauran suka bi. Amma ba dokar da ta tilasta wa masu shafi su ji, sai yawancinsu suka yi kunnen uwar shegu. A 2019 kwamitin da ke shirya ta ya watse. Mudu ne aka sassaƙa, ba sarkin kasuwa.

A 2020 aka fito da sabuwa, Global Privacy Control, wadda ke cewa kada a sayar da labarina. Wannan karon akwai hukuma a bayanta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ce dole 'yan kasuwa su bi ta, har a 2022 kamfanin Sephora mai sayar da kayan shafa ya biya dala miliyan 1.2, cikin laifinsa har da ƙin jin wannan alama. Firefox da Brave da DuckDuckGo suna da ita. Kunna ta ba ya cin kuɗi, amma ƙarfinta ya fi yawa inda doka ta ambace ta.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne lamba 2442. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta kafa ta a 2016 saboda saƙonnin talla da suka dami jama'a. Ka rubuta STOP ka aika zuwa 2442, kyauta ne, kowane layi kake riƙe da shi. Kamfanin layinka wajibi ne ya daina turo maka talla. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ko maƙwabci ya yi masa, minti ɗaya ya isa. Sai dai ku lura, wannan ba ta hana ɗan damfara ya kira ka da tasa lambar.

Sa'an nan ga maganar izini, wadda a ganinmu ita ce babba. Tun 2015 wayoyin Android ke tambayar mai su kafin manhaja ta taɓa hotuna, ko lambobin mutane, ko wurin da yake. Mutane sukan danna na yarda ba su karanta ba. Manhajojin ba da bashi sun ci moriyar wannan ƙwarai. Mutum ya ranci 'yan kuɗin taki, ya makara kwana biyu, sai a aika wa surukansa da abokan cinikinsa saƙo cewa ɓarawo ne. Da me suka sami lambobin? Da izinin da ya bayar da hannunsa. A 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai wa waɗansu irin waɗannan kamfanoni samame a Legas, daga ƙarshen Mayu 2023 kuma Google ta hana manhajar bashi neman lambobi da hotuna. Duk wadda ta nema yanzu, ka goge ta. Ka shiga saitin wayarka, ka duba izinin kowace manhaja; tocila ba ta da aiki da lambar surukinka.

Kafin ka rubuta lambar NIN ko ta banki a wani shafi, ka tabbata adireshinsa ya fara da https. Wannan yana rufe saƙon a kan hanya kaɗai, ba shaida ba ce cewa mai shafin mai gaskiya ne.

A Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, ka janye yardarka, ko ka nemi a share. In ya ƙi, sai ka kai ƙara ga hukumar NDPC a Abuja, ka haɗa da hoton saƙon da aka turo maka da ranar da ya zo.