Farin Fenti A Gidajen Bakin Kwara

A ƙasar Bagudo, daga Illo har Lolo bakin iyakar Benin, wadda a ke kira Dahome kafin 1975, akawuna da malaman makaranta sun shiga ginin siminti da rufin kwano da tagogin ƙarfe. Irin wannan ɗaki duhu gare shi, sai farin bango ke haskaka shi.

Amma fari iri iri ne. Fentin mai yana ƙyalli, yana wankuwa, sai dai tona asirin magini, don ko ɗan tudu ne a yaɓe sai ya fito. Babban abin kuwa, ƙasar bakin Kwara damshi gare ta. In an shafa shi bisa ɗanyen yaɓe, ruwan ciki ya rasa mafita, kafin kaka sai ya kumbura ya ɓare, kuɗi sun tafi a banza. Farar ƙasa tana barin bango ya sha iska, ga araha, illarta ɓata riga.

To, a bar yaɓe ya yi wata guda tukuna. Ƙarfe a fara masa da jan fentin hana tsatsa. Mai 'ya'ya kuma ya bincika gwangwani, gama wani fentin mai da dalma a ciki, ita ko guba ce ga yara.